Faya-fayan da na dirje da toka

Ban yi karatu ba, 'yata ce ke rubuta abin da nake faɗa. Na ce kada ta rage komai, har wautar da na tafka.

Ranar da muka baro ƙauyenmu na wajen Kuyello saboda mutanen daji, ko tabarma ban ɗauko ba, amma na ɗauko faya-fayan bidiyo guda shida a cikin kwalla. Na bikin ɗanmu ne, da sunan jikoki, da ranar da aka yi mana gayyar masara. Maigidana yana cikin kowanne. Damina biyu da zuwanmu gari ya rasu, Allah ya jiƙansa, kuma babu inda muryarsa ta rage sai a cikinsu.

'Yar tawa malamar makaranta ce a Kaduna. Ta yi waya ta ce za ta zo da kwamfuta ta kwashe abin da ke ciki ta zuba a waya, wai faifai ba ya daɗewa. Da na fito da su, na ga hayaƙin murhu ya dusashe su. Na ji kunyar a sa abu mai dauɗa a injin mutane. Sai na yi musu abin da nake yi wa tukunya: na samo toka da soson ƙarfe, na dirje su ɗaya bayan ɗaya, na ɗauraye, na kife a rana.

Da ta iso ta ɗaga na farko, sai ta juyo ta dube ni.

"Inna, wa ya taɓa waɗannan?"

"Ni ce. Ba su yi fes ba?"

"Innalillahi! Inna, ai Baba kika kankare!"

Na karɓi faifan na duba. Ni a zatona mutanen suna can ciki ne, kamar ƙwaya a cikin ɓawo. Ashe a bayan nan mai sheƙi suke, daidai inda na fi sa ƙarfi.

Ta riƙa sakawa, injin yana gurnani yana turo su waje. Na biki ya ƙi. Na suna ya ƙi. Sai na biyar ya buɗe, na gayya. Ga maigidana tsaye cikin masara da malafarsa, ya juyo ya ɗaga hannu.

"Ke, kawo ruwan nan mana, mutane sun..."

Fuskarsa ta tarwatse, hoton ya ƙame. Shi ke nan. Na shida ko motsi bai yi ba.

Ban iya kuka ba a lokacin, hannuwana kawai nake kallo. Kukan sai washegari ya zo, kuma har yau bai tafi ba.

Ta zuba mini ɗan guntun a waya, ta nuna mini inda zan danna. Kullum na danna sai ya nemi ruwa. Na yi tunani har kaina ya yi ciwo, na kasa tuna ko na kai masa a ranar.