Ba Yarinya Za A Gwada Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata, Malama Sa'adatu, kuma a cikin shekarun nan ban ji mutum ɗaya ya ba da labarinta daidai ba. Kowa abu ɗaya yake maimaitawa: wai ita ce malamar kimiyyar da ta yaƙi jahilcin iyayen ƙauye, ta ƙwato 'ya'yansu mata, ta kai su ɗakunan bincike a Zariya. An faɗa a taron makaranta, an faɗa a lasifika, bara har a jikin mota na ga an rubuta. Ƙarya ne. Yaya ba ta yaƙi kowa ba, kuma iyayen nan ba jahilai ba ne. Mahaifinmu yana cikinsu. Ni kuma ina cikin yaran da aka kai, don haka ba ji na yi ba, gani na yi.

Mu 'yan Janfalan ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme ni da shekara goma sha biyu. Sunana Zulai. Iyakar karatuna sakandare, yanzu ɗinki nake yi a Ikara, saboda haka mai neman rubutun masana ya juya shafi. Ita kuwa ta yi karatun koyarwa, aka ba ta darasin kimiyya a makarantar kwana ta 'yan mata inda nake aji uku a lokacin. Ɗaliban daga ƙauyukan Ikara da Makarfi da Kudan suke. Akwai ɗakin kimiyya a makarantar, amma a ciki ba komai sai tebura da famfon da bai taɓa kawo ruwa ba. Madubin likita, na'urar nan da ake leƙa ƙananan halittu da ita, a allo Yaya take zana mana shi. Wata rana ta ajiye alli ta ce ta gaji da zanen abin da ba mu taɓa gani ba. Ta nemi izini, ta rubuta wa wata babbar makaranta a Zariya, aka ce ta kawo mu.

Ga inda aka yi kuskuren. Takardar neman yardar iyaye da Turanci aka rubuta, aka ba magatakardan makaranta ya mayar da ita Hausa, aka raba mana mu kai gida da hutu. Bawan Allah ya rubuta: "Za a kai 'yarka ɗakin gwaji a Zariya." Wanda ya tashi a birni ba zai ga komai a jumlar nan ba. A wajenmu kuwa gwaji abu ɗaya ne, a ɗebi jininka ko fitsarinka a asibiti. Kuma in aka ce an kai budurwa gwaji, kowa ya san abin da ake zargi. To uban wa zai sa hannu? Kafin kasuwa ta sake ci, magana ta kai Paki, ta tsallaka har Taba. Wasu suka ce ciki za a duba, wasu suka ce jinin ake so, wasu suka ce allura ce. Baba ma, wanda ya haifi malamar, da na karanta masa takardar sai ya ce in mayar wa mai ita.

Da labari ya kai wa sauran malamai, dariya suka yi ta yi. Yaya ta dawo gida ranta a ɓace, kuma ba da iyayen take fushi ba. Ta ce wa Innarmu, "Mutum ya tambayi abin da za a yi wa 'yarsa, shi ne ya zama abin dariya? Mu ne ba mu iya magana ba." Sauran hutun nan a kan babur ta ƙare shi, gida-gida.

Na raka ta Paki, gidan Malam Tanimu, malamin da ake ɗaukar karatun littattafai a zaurensa, mahaifin Hassana ta ajinmu. In ya yarda, rabin garin ya yarda. Muka durƙusa a bakin zaure, aka yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Baba, ya tambayi damina, har na ƙosa. Sannan Yaya ta ce, "Allah ya gafarta Malam, kuskuren namu ne. Ba yarinya za a gwada ba. Yarinya ce za ta gwada."

"Ta gwada me?"

"Duk abin da ka ba ta."

Malam ya dube ta. Ya ce, "'Yar Alhaji Musa, wayon boko za ki yi mini da tsufana?" Sai ya aika cikin gida aka wanko kwalbar maganin tari, aka cika ta da ruwan rijiyarsu. Ya ce, "Tun farkon damina yaran gidan nan suke gudawa. Hassana ta je ta gano mini abin da ke ciki. In ta dawo da amsa, na yarda makaranta ce. In kuwa ta dawo da auduga a gwiwar hannu, to ni da ke ne, da ubanki."

Daga zauren nan tsarin Yaya ya fito, kuma ba ita ta ƙirƙira shi ba, Malam ne. Duk uban da ya yarda, bayan sa hannu sai ya ba 'yarsa wani abu daga gidansa ko gonarsa, wanda ya dame shi. Wata ta zo da ganyen rake mai ja-ja daga fadamar Makarfi. Wata daga Taba ta zo da ganyen tumatir da ya nannaɗe. Baba ya ba ni masarar da ta yi baƙi-baƙi a rumbu, ya ce, "Tunda ke ce mai gwajin, je ki gwada." Yaya ta kuma ɗauki iyaye mata biyu a motar, ɗaya ita ce Inna Hajara, mahaifiyar Hassana, wadda tun daga Ikara har Zariya ba ta saki hannun 'yarta ba.

Mai kula da ɗakin binciken wani guntun mutum ne mai tabarau, Baba Ishaya, ɗan kudancin Kaduna. Ya ɗiga ruwan Malam a kan gilashi, ya daidaita madubin, ya ce Hassana ta leƙa. Ta leƙa, ta yi tsalle baya. "Wayyo Allah, suna tafiya!" Inna Hajara ta ture ta ta leƙa da kanta, ta ɗago ta ce, "Innalillahi. Wannan muke sha? Har da mai wutsiya!" Baba Ishaya ya yi dariya, amma bai yaudare su ba. Ya ce ba duk mai motsi ne ke sa ciwo ba, kuma mai sa ciwon sau da yawa ya fi ƙarfin wannan kallon. Sai ya tambaya, "Mama, taku nawa ne daga rijiyar zuwa masai?" Inna Hajara ta ce ai dab suke da juna. Amsar da Hassana ta kai gida ke nan. Malam ya sa aka ɗaga bakin rijiyar, aka yi mata murfi, aka haƙa wani masan can nesa. Ban ce gudawa ta ƙare a gidan ba, ban sani ba. Abin da na sani, da aka zo tafiyar gidan tarihi na Kaduna mutane suka fara cewa gidan gumaka ne, Malam Tanimu da kansa ya zauna a kujerar gaba, ya dawo yana ba almuhajiransa, masu ɗaukar karatu a zaurensa, labarin tsoffin kayan maƙera.

Sau huɗu Yaya ta yi irin tafiyar nan. Sannan ta kwanta ciwo, sati biyu, Allah ya karɓi abarsa. Ta bar 'ya ɗaya, Ummi, tana da shekara shida. Tafiya ta tsaya, domin ba wanda ya ga zai iya bin gida-gida.

Bara wata ƙungiya, ba zan ambaci sunanta ba, ta ce za ta farfaɗo da ziyarar don tunawa da marigayiya. Suka gayyaci Ummi, ni kuma na bi ta a matsayin dangi. Wallahi da farin ciki na hau motar, na ga sunan yayata da manyan baƙaƙe. Amma ni mutum ce mai tambaya. Na bi kujerun ina tambayar yaran daga ina suke. Wannan babanta yana sakatariya, wannan mamanta malamar asibiti ce, wannan 'yar yayan direban ce. Duk 'yan cikin gari. Ba 'yar Paki, ba 'yar Taba, ba 'yar Janfalan sai Ummi. Ban ce 'yan gari ba su cancanta ba. Amma ba don su kaɗai Yaya ta ƙone a rana ba.

Da muka isa, aka raba musu fararen riguna a bakin ƙofa. Aka yi jawabi, aka yi wani jawabin, aka ƙara wani. Aka jera su a bayan na'urori, mai kyamara yana cewa, "Ke, sa hannu kusa, amma kar ki taɓa. Yi murmushi." Aka karɓe rigunan. Baba Ishaya yana nan, kansa ya yi fari fat. Ya ga sunan da ke jikin motar, ya fito da murna ya ce wa yaran, "To, ina kwalabenku?" Suka kalli juna. Na matsa na gaya masa ko ni wace ce. Ya cire tabarau ya goge, ya ce a hankali, "'Yata, minti ashirin aka ba ni, kuma an ce na hoto ne."

A cikin jawaban ne shugaban shirin, wanda suke kira Kodineta, ya ce marigayiya ta sha wahala a hannun iyayen da ba su waye ba. Na jira ya sauko, na ce ya nuna mini takardar da suka aika ƙauyuka. Ya miƙo. Kun san abin da na gani? "Za a kai 'yarka ɗakin gwaji." Jumlar nan dai, ko wasali ba a canja ba.

Na ce, "Malam, ka karanta wannan?"

"Hajiya, ai mun aika ko'ina. Iyayen ne, kin san halin mutanenmu."

"Ni ba Hajiya ba ce, kuma mutanen nan iyayena ne. Wa ya je ya yi musu bayani?"

Sai wayarsa ta yi ƙara, ko kuma ya ce ta yi.

To ga zargina, kuma zargi na kira shi, domin ba ni da hujja. Ko dai tsohuwar takardar suka tono a ofis suka kwafa saboda lalaci, ko kuwa ƙin da iyayen ke yi ya yi musu daɗi. In uban ƙauye ya ƙi, kujera ta samu ga 'yar wanda aka sani. Kuma labarin jahilcin ƙauye labari ne mai shiga kunnen masu ba da tallafi, ya fi daɗin ji a kan "ba mu iya rubuta wasiƙa ba." Wanda ya ga na zalunce shi, shafin nan a buɗe yake, ya rubuto.

Abin da ya fi ci mini rai a hanyar dawowa ya faru. Ummi ta jingina da ni ta ce, "Anti Zulai, ashe su Kaka ne suka wahalar da Mama?" Yarinyar da ba ta tuna muryar uwarta sosai, an ɗauki sunan uwar an koya mata raina kakanta da shi.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga wannan. Na san ta. Za ta ce, "Haba Zulai, ko ba komai sun ga ginin, wata za ta yi sha'awa." Wataƙila da gaskiyarta. Amma kuma na san takardar nan ba za ta kwana a hannunta ba a gyara ba. In aka tambaye ni abin da ya rage nata, ba zan yi ƙarya in ce ta fitar da likitoci ba. A ajinmu ɗaya ce ta zama ma'aikaciyar jinya, sauranmu ga mu nan, masu ɗinki, masu koyarwa, matan aure. Abin da ya rage shi ne, har yau a Paki da Taba akwai dattawan da suka taɓa aiken 'ya mace nemo ilmi, ta dawo ta durƙusa ta ba su amsa, suka yi aiki da ita. Wannan ba ya fitowa a hoto. Allah ya jiƙanta, ya sa ya zame mata haske.

Makon jiya Kodineta ya zo har Janfalan neman hoton Yaya da izinin sake sa sunanta a motar bana. Baba ya karɓe shi, aka kawo ruwa, Ummi tana tsaye a bakin ƙofa. Baba ya ce, "Kai ne ka ce ba mu waye ba? Jikata ta gaya mini. To ni ne uban malamar, kuma ni ma na ƙi sa hannu a lokacin. Ko yau ka kawo mini takardar nan ba zan sa ba. Sauran magana, Zulai ce ta je, ita za ta faɗa."

Na faɗa. Ba hoto, ba suna. Su yi tafiyarsu, Allah ya kiyaye hanya, amma a goge sunan yayata daga jikin motar.

Ranar Litinin zan rufe shago, ni da Ummi mu hau motar Zariya. Baba Ishaya ya ce mini ƙarshen shekarar nan zai ajiye aiki, don haka ba ni da lokacin jira. Rana ɗaya zan roƙar wa 'yan matan ƙauyukanmu a ɗakin binciken, cikakkiya, ba minti ashirin ba. Kawunmu ya ce motarsa tana nan. Wasiƙar iyaye ni zan rubuta, da Hausar da muke yi a gida, kuma ni zan kai ta da ƙafata. Duk mai son ɗaukar hoto ya zo da kyamararsa, ban hana ba. Amma a bakin ƙofa zai tsaya, sai yaran sun gama.