Sanda Mai Zane da Tsamiyar Tasha

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina hura wutar shayi aka ce mini Sanda Mai Zane ya rasu.

'Yan Gummi da suka yi wayo lokacin da fiyawota, ruwan leda, ya shigo gari sun san shi. Kwali yake yankawa da reza, ya shafa baƙin fenti, ya buga hoto a takardar buhun siminti, ya liƙa a bango da kunun rogo. Saniya cikinta fal leda. Kuka ta yi 'ya'yan kwalabe. Ba ya sa rubutu, kai za ka gane da kanka.

Kafin la'asar awaki sun cinye rabinsu saboda kunun. In na tsokane shi sai ya ce, "Bar su su ci. Nawa ƙiba shika sa su, ledarku ta ka kashe su."

Teburina a gindin tsamiyar tasha yake, da shi na ciyar da gidana. Wata shekara wani ɗan kasuwa ya ce zai sare ta ya kafa shago da allon tallan lemo. Na rasa inda zan sa kaina. Da na gaya wa Sanda, sai ya sha shayinsa ya tafi.

Ranar kasuwa sai ga hoto ko'ina: jama'a na turereniya a 'yar inuwar kwalbar lemo, tsuntsu a sama riƙe da sheƙarsa ya rasa wurin ajiyewa. Gari ya ɗauki dariya. Maganar ta kai kunnen Innar ɗan kasuwan, ta aiko masa cewa gindin iccen nan ta sayar da fura ta raine shi.

Ba a sake maganar gatari ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, idonsa ya yi rauni, ya zauna a bencina. Na ce ba ni da ko hoto ɗaya nasa, awaki sun gama da su. Ya yi dariya ya ɗaga kai sama ya dubi tsamiyar. "To wagga hwa? Ba ta ishe ka ba?"

Ta ishe ni, Sanda. A gindinta nake rubutun nan. Na yi kuka, amma raina fari yake, don mutumin nan ya yi zamansa yadda yake so.

Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa. Duk wanda ya taɓa shan inuwar tsamiyar nan, don Allah ya sa shi a addu'a: yadda ya bar mana inuwa, Allah ya sa shi a tasa ranar da babu wata sai ita. Amin.