Baba Kambai, Ba Wanda Ya Saurari Ƙirjinka

Ranar Talata, 14 ga Maris 1978, da hantsi, 'yarka Afiniki ta same ni a makarantar da nake koyarwa ta ce, "Silvanus, Baba bai farka ba." Da ƙafarka ka shiga asibiti domin aikin ƙaba, aikin da aka sa wa rana tun wata biyu baya. A kwance aka fito mana da kai.

Kawu, shekara talatin ka yi a tashar Kafanchan kana bin ƙafafun jirgi da doguwar guduma, kana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, kana kasa kunne. Ina ƙarami, lokacin da ka ɗauko ni daga Kagoro ka riƙe ni a gidanka don in yi karatu, na ga ka tsayar da jirgin Jos fiye da awa guda. Shugaban tasha yana ta faɗa, fasinjoji suna zagi, kai kuwa ka ce, "Ranka ya daɗe, ƙafan nan bai yi magana mai kyau ba. Ba zai tafi ba." Da aka duba, ashe ta tsage.

To, kai wa ya yi maka irin wannan dubawa? Ba kowa. A asibiti an karɓi takardar fanshonka, aka kwafe shekara hamsin da takwas a kan kati. Wannan lissafi kuwa wani akawu ne ya dube ka ranar ɗaukar aiki ya yanka maka shi, kamar yadda aka yi wa duk tsararka. Duk garin nan an san da gemunka ka ɗauki ƙasa a kwano sa'ad da ake shimfiɗa layin dogo. Ka haura saba'in, kuma tambaya ɗaya ta isa a gane haka.

Afiniki ta gaya wa ma'aikaciyar jinya cewa ƙafafunka suna kumbura, ba ka isa coci sai ka huta sau biyu, ba ka iya kwanciya sai da matashi uku. Aka ce mata, "Ki jira a waje." Likita ya taɓa ƙabar, ya tambaye ka yaya jiki, ka amsa da sauƙi, don dattijo irinka ba ya kai kuka gaban sa'an ɗan cikinsa. Shi ke nan binciken. Ba a auna jininka ba, ba a ɗora komai a ƙirjinka ba, aka ba ka maganin barci irin na mai ƙarfi a jika.

Raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba. Masu cewa lokaci ne su bar ni tukuna. Na san likitoci sun yi kaɗan, amma wata biyu aka samu, minti goma ake nema. Da kaina ma nake fushi. Ni na lallashe ka, na ce aikin ba komai ba ne, kai kuma ka yarda don ɗanka mai boko ya faɗa.

Ubangiji ya karɓe ka cikin hutunsa, ya gafarta mini. Mama Emilia, Afiniki, Meshak da jikoki, Yesu Almasihu ya share muku hawaye.

Gudumarka tana jingine a bayan ƙofa. Ɗanka Meshak ya ce in ɗauka, na kasa.