Kundin da Lungisa Ya Ƙi Gamawa

Shekara tara Lungisa Mqikela ya yi yana digirin dokta a kan ƙanƙarar tekun kudu, kuma ba daƙiƙanci ne ya riƙe shi ba. Duk sashensu a Cape Town babu wanda ya kai shi iya huda ƙanƙara da na'ura, ya zaro ta doguwa kamar rake, ba ta karye ba. Matsalar ɗaya ce: gadajen da sashen yake samu a jirgin ruwan bincike na ɗalibai ne kawai. Ranar da ka gama, ranar ka sauka.

Shi kuwa a jirgin nan yake mutum. A gari, ɗaki ɗaya yake kwana a bayan gareji, ba mai neman shawararsa. A teku, hatta kyaftin sai ya ji ta bakinsa kafin a sauke mutane kan ƙanƙara. Don haka duk shekara kundinsa saura hunturu ɗaya.

"Ɗaya tak, Farfesa. Alƙaluman bana sun ƙi yarda da na bara."

"Ba za su taɓa yarda ba, Lungisa," in ji malamarsa, Farfesa Kotzé. "Abin da ka gano ke nan. Rubuta."

Anti Shamiela mai girkin jirgi ba ta da wannan ladabin. "Bhuti, ɗan'uwana, jikata tana firamare ka fara, yanzu tana koyon tuƙi. Jira kake ƙanƙarar ta narke duka ka huta?"

"Ƙaro miya, Anti, ki bar kimiyya ga masu ita."

A shekara ta tara jami'a ta aiko masa takarda: ya miƙa kundi kafin Maris, ko a soke sunansa. Ko wanne ya zaɓa, gado ya tafi. Sai ya tuna da wata ƙa'ida: in masu jarrabawa suka mayar da kundi don babban gyara, ɗalibi yakan samu ƙarin shekara. Ya zauna ya ɓata aikinsa a tsanake. Ya jera tebur saba'in na alƙaluma ba sharhi, ya datse babi na huɗu, ya rufe da cewa har yanzu ba a san komai ba, sai an ƙara bincike.

Masu jarrabawar su uku ne, kuma duk suka yaba. Na Norway ya rubuta cewa ya daɗe bai ga tawali'u irin wannan a kimiyya ba. Gyaran da suka nema shi ne sunan wani tsibiri da ya rubuta ba daidai ba.

A watan Yuli, tsakiyar hunturun kudu, ranar tashin jirgi, ya je tashar, wai wucewa yake. An ba da gadonsa ga wani sabon ɗalibi da ya fara amai tun ba a kwance igiya ba.

"Dokta Mqikela, ka zo a daidai," in ji Farfesa. "Kama mana akwatin nan. Iyakarka bakin tsani dai, sama sai mai katin shiga."

Ya ɗauka, ya kai, ya tsaya yana gaya wa masu lodi kada su jingina shi kusa da injin.