Armuwar ɗin da Ya Ƙi Fita Ranar Jere

Ba zan rantse cewa na riƙe komai daidai ba. Shekaru sun ɗan ja, kuma ni mutum ne da idan hankalina ya tashi abubuwa sukan cakuɗe mini, in ɗauki maganar wani in sa a bakin wani. Amma ranar da aka zo jeren matata, wannan kam ba zan manta da ita ba muddin ina numfashi. Har yau in na tuna sai in ji raina ya ɓaci, kuma yawancin haushin kaina nake ji.

Lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, an turo ni koyarwa a kwalej ɗin Attantane. Na kama hayar wani ɗan gida na ƙasa, ɗaki ɗaya babba, da zaure, da tsakar gida mai bishiyar bedi. Yarinyar da zan aura 'yar wajen Kona ce, a jami'a muka san juna. Mahaifinta ya rasu, mahaifiyarta ce ke riƙe da gidan, kuma daminar shekarar ba ta yi kyau ba. To a nan tunanina ya fara kai ni inda ya kai ni.

Kada wani ya ce ban san al'ada ba. Na sani sarai cewa namiji gida yake bayarwa, dangin amarya su kawo kayan ɗaki su yi jere. Sai dai na zauna na ce wa kaina, wannan baiwar Allah ina za ta samo gado da katifa a shekara irin wannan? In na tambaye ta, wataƙila ta ji kunya. In na aika mata wani abu, wataƙila ta ɗauka raini ne. Sai na ga hanya mafi lafiya ita ce in cika ɗakin da kaina, shiru, ranar jere su zo su tarar an hutar da su. Na ma riƙa hango yadda za su sa mini albarka.

Da yake albashin sabon malami ba ya sayen sabon kaya, sai na bi tsofaffi. Na samu gadon ƙarfe wajen wani ma'aikaci da aka yi wa canjin wurin aiki, na kankare tsatsar da hannuna, na shafa masa fenti shuɗi har hawa biyu. Na samu kujerun ƙarfe da igiyarsu ta tsintsinke, na kai aka sake saƙa su. Sannan a Tasawa, bayan shagon wani kafinta, na ga armuwar, irin dogon akwatin nan na tsaye da ake rataye tufafi, ƙofa ɗaya ta ɓalle, kaji suna kwana a ciki. Amma katakon na da ne, mai nauyi, gara ba ta taɓa shi ba. Ina ganinsa na ji ya shiga raina.

Kafintan ya kankare shi, ya yi masa sabuwar ƙofa, ya sa madubi. Ni kuma na je gida na auna ƙofar ɗakina da metir sau uku, na rubuta a kaye, wato littafin rubutuna, na dawo na nuna masa. Ya duba ya ce, "Mushe," haka ake kiran malamin boko a wajenmu, "wanga abu ba shi shiga ƙofarka. Sai dai mu kai shi a warware, in haɗa maka shi a ciki." Haka aka yi. Ya zo da kansa ranar kasuwa. Yana cikin aiki ya ɗago ya tambaye ni, "Ƙusa kaɗai zan sa, ko in ƙara da kol?" Kol shi ne wannan farin gam na kafintoci. Ni da nake tsoron kada wata rana abu ya faɗo wa yara, yaran da ko auren ba a ɗaura ba balle a haife su, na ce ya sa duka biyu, kuma kada ya yi rowa. Ya ce, "Ka tabbata? Abin da na haɗa da kol, ni kaina ba ni iya raba shi." Na ce ai abin da nake so ke nan.

Da ya gama, muka jingina armuwar ɗin da bangon da ke kallon ƙofa, yadda duk wanda ya shigo shi zai fara gani. Kafintan ya tambaye ni ko ɗakin na amarya ne. Na ce e. Ya dubi gadon, ya dubi armuwar, ya buɗe baki, ya rufe. Ni a lokacin na ɗauka sha'awa ce ta hana shi magana.

Wannan shi ne abin da ke ƙona mini rai har gobe. Wata uku ina jigilar kaya a bayan moto, wato babur, duk unguwa na kallo. Na tambayi mutane irin fentin da ba ya ɓarewa, na tambayi maganin gara, na tambayi ko a ɗora ƙafafun gado a kan bulo. Kowa ya ba ni shawara. Babu mutum ɗaya da ya ce, "Mushe, tsaya, ina amarya za ta sa nata?" Sai dai "Sannu da aiki, Mushe." To amma in zan faɗi gaskiya, ni ma ban gaya wa kowa niyyata ba, har yayata da ta raine ni, don na san za ta yi magana.

An sa ɗaurin aure ranar Asabar, jere kuma Juma'a. Ango ba ya zama wurin jere, don haka na bar wa yayata makulli, wadda ta iso da safiyar nan, na tafi lakwal. Ina tsakiyar darasi waya ta yi ƙara. Yaya ce. Ba ta ko yi sallama ba, ta ce, "Kai, mi ka yi haka? Zo yanzu. Ka bar allon nan ka zo."

Na tarar da mota mai buɗaɗɗen baya a ƙofar gida, shaƙe da kaya, an ɗaure da igiya, ba a sauke ko tsinke ba. Mata sun fi goma a tsakar gida, kowa tsaye. A bakin ɗaki ga gwaggon amarya, ƙanwar marigayi mahaifinta, wadda ita ce shugabar tafiyar. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa a taƙaice, sannan ta nuna ciki da haɓa.

"Ɗana, ɗakin wa wanga?"

Na ce na amarya ne, Gwaggo.

"Kayan wa?"

Na ce nawa ne, wato nata, wato namu, na ɗan yi ƙoƙari ne kawai. Da na yi shiru a nan, wataƙila da abin ya zo da sauƙi. Amma bakina ya ci gaba. Na ce na ga kamar, a iya fahimtata, ganin yadda damina ta kasance bana, ko da yake ba ni da tabbas, wataƙila nauyin zai yi wa Inna, mahaifiyar amarya, yawa.

Yaya ta dafe kai.

Gwaggo ta ce, "Damina. To. Uwar yarinyar ga ta fara tara kwano tun ɗiyar tana goye a bayanta. Rago take turkewa duk shekara, ta ciyar da shi da harawa da dussa, ba ta taɓa cin kuɗinshi ba. Jiya duk Kona aka taru ana kallon kayan ga ana ɗora wa mota. Kai kuma ka zauna da bik da takarda ka gano ba mu iyawa. Wa ka tambaya?" Na ce ban tambayi kowa ba. Ta juya ta ɗaga murya, "Shofer, kar a kwance igiya. Mu koma da abinmu, tunda mai gida ya riga ya yi wa kanshi jere."

Idan motar nan ta koma Kona da kaya a ɗaure, ta bi ta gaban mutanen da suka raka ta jiya, babu ɗaurin aure gobe. Ko an ɗaura daga baya, matar da na so in rufa wa asiri ita ce za ta kasa ɗaga kai a rijiya. Shofer kuwa ya ce shi yana da lodin wake da ke jiransa a Mayahi, ko a sauke ko a tafi, ba zai wuce azahar ba.

Yaya ta shiga ba da haƙuri, ta ce yaro ne, boko ne ya yi masa yawa. Da ƙyar Gwaggo ta ce to, a ba su ɗaki kamar yadda ake bai wa kowa, wayam, bango huɗu. Gado ya fita. Kujeru suka fita. Labulen da na zaɓa ma aka cire aka miƙo mini. Sai armuwar.

Mun karkata shi, mun kwantar da shi, mun juya shi ta kai, ta gindi. Ni na san ba zai fita ba, ai ni na auna, amma na ci gaba da turawa don kada a ga na tsaya. Akwai wata tsohuwa cikin tawagar, kakar amarya, zaune a kan turmi tana kallo. Ta ce, "Mijina, duk karatun da ka yi ba a koya maka awon ƙofa ba?" Na ce Kaka, sau uku na auna. Ta ce, "Ashe da gangan ka yi." Mata suka kwashe da dariya, ban da Gwaggo.

Na hau kan katanga inda rezon waya ke kamawa, na kira kafinta. Na ce ya gaya mini yadda ake warwarewa. Ya ce, "Mushe, ai na tambaye ka." Na ce na sani, yanzu dabara nake nema. Ya ce dabara ɗaya ce, ko ƙofa ko armuwar. Mai gidan da nake haya, wanda hayaniya ta jawo, ya ce in na taɓa masa gini in nemi wani gidan in kai amaryar. Na roƙi Gwaggo ko za a matsar da shi lungu a rufe da zane. Ta ce, "Bangon da ke kallon ƙofa na kwanoni ne, lungu na gado. Shi kuma ina?" Shofer ya danna odar mota, yana gaggauta mu.

Na aro guduma a maƙwabta. Na kwance madubin a hankali na jingine a waje. Sannan na tsaya a gaban aikin wata uku, da rigar lakwal a jikina da alli a hannu, na ɗaga guduma. Kafintan bai yi ƙarya ba. Katakon ya tsage ta ko'ina, ban da inda aka sa kol. Ina bugu ina gumi, Kaka tana ƙirga mini bugun kamar mai daka. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na dai san da na fito da ɓallen ƙarshe, na ji Gwaggo ta ce, "A kwance igiya."

Abu na farko da aka sauke gado ne. Gadon ƙarfe, tsoho, na auren Inna kanta, an kai wa mai walda ya gyara ƙafa, an kankare, an shafa masa fenti. Shuɗi. Kusan irin nawa sak. Na tsaya ina kallonsa kusa da nawa da ke yashe a ƙarƙashin bedi, na rasa ko dariya zan yi ko kuka.

Ina shirin sulalewa sai Gwaggo ta kira ni. Kwanoni sun fi wurin jera su yawa, Kaka kuma ta tsamo wani dogon katako daga tarkacen armuwar, ta ce wannan ya yi kantar jera kwanoni. Gwaggo ta ɗauki madubin, ta goge da gefen zane, ta miƙo mini. Ta ce, "Ba yayarka." Na ba Yaya. Ta ce wa Yaya, "To, kawo." Yaya ta miƙa mata da hannu biyu. Gwaggo ta ɗaga shi sama ta ce wa mata, "Ga gudummawar dangin ango." Aka rangaɗa guɗa. Ta dube ni ta ce, "Ka gani? Da haka ka yi tun farko, da da abinka a tsaye." Sannan ta ce in fita, maza ba su kallon jere.

An ɗaura aure washegari. Inna ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba, wanda ya fi mini zafi a kan faɗa. Katakon yana nan har yau da kwanoni a kai, kuma matata tana lissafa shi cikin kayan da ta zo da su daga gidansu. Na daina musu.

Abin da na koya, in ma na koya, shi ne taimakon da ka ɓoye wa mai shi don kada ya ji kunya, sau da yawa ka riga ka yanke hukunci ne cewa ba zai iya ba. Na tambayi kowa a kan fenti da gara, na bar tambaya ɗaya da ta kamata, wadda yayata za ta amsa mini tana tsaye.

Waɗanda suka halarci jeren nan, da yawansu suna raye, in na karkace a wani wuri su aiko a gyara. Matata ta ce gadon Inna kore ne ba shuɗi ba, kuma wai ba guduma na ara ba, gatari ne. Kan gadon ina jin ni ke da gaskiya, ko da yake ba zan rantse ba.