Malam Tanko Mai Kwalta, Wanda Ya Ajiye Manjagara

Ranar Laraba, 14 ga Yuni, 2000, ina aji ina koyarwa aka leƙo aka ce Malam Tanko ya cika a gidansa na Babban Giji, bayan ciwon ƙirji da ya daɗe yana cinsa. Na zauna, na kasa ƙarasa darasin.

Malam, ban san ka ba sai bara, lokacin da ake ta gaggawar gyaran tituna kafin soja su miƙa mulki. Kuka zo layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi da tipa da rola. Kai ne mai manjagara, kana baje kwalta da tsakuwa suna tururi. Ni kuwa faɗa na yi ta yi da ku, don hayaƙinku ya ɓata mini shanya.

Rannan da azahar 'yata Tabita, mai shekara huɗu, ta fito a guje ba takalmi, ta faɗa cikin sabon zubi. Ihunta har yau yana kunnena. Kwalta ta manne mata a tafin ƙafa. Wata ta ce a kawo kananzir, ni kuma na kai hannu zan ɓare.

Ka buge mini hannu. "Malama, kada ki ja! Da fatar za ta taho. Ruwa, ku kawo ruwa!"

Ka tsoma ƙafar a bokiti har ta huce, sannan ka saɓa yarinyar a kafaɗa sai asibiti. Shugaban aikinku yana ƙwala maka kira, don kwalta ba ta jira: in ta yi sanyi ba a baje ta ba, ta zama dutse. Ko waiwaye ba ka yi ba. Zubin ya daskare, washegari aka sallame ka. Da na zo ban haƙuri, dariya ka yi, ka ce, "Titi ana sake shi, Malama."

Kai Musulmi daga ƙauye, ni Kirista daga Kagoro, ba dangin iya, ba na baba. Wallahi na yi rashi, kuma ina kuka ba kunya.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya sanyaya makwancinka. Asabe, matar amana, Allah ya ba ki haƙuri, ya raya abin da ya bari. Gobe za mu zo gaisuwa. Tabita ta ce ba za ta hau mota ba, da ƙafarta za ta taka har ƙofar gidanku.