Layin da Wofa Gyasi bai yanke ba

Kullum da safe Wofa Gyasi yakan shigo da kokonsa da ƙosai, ya zauna a ɗan ɗakin nan mai sanyi da ke bayan ɗakin magani, ya tsura wa allon kwamfuta ido. Shi ke kula da katangar tsaron intanet ta asibitinmu a gefen Kumasi. Duk wayar da ke magana da waje, layinta na bayyana a gabansa. Ba ya jin abin da ake cewa, ba ya ganin fuska. Layuka kawai yake gani, suna ɓullowa suna ɓacewa kamar kifi a ruwa.

Mu ma'aikatan jinya har tsokanarsa muke yi. "Wofa, yau me matarka ta allo ta ce?"

Sai ya ce, "Ta ce ku rage kallon fim a bakin aiki."

Wata rana da hantsi aka kawo wata yarinya da mota ta buge. Ana son tura hoton cikin kanta ga ƙwararren likita a Accra, hanyar intanet kuwa ta cushe. Dokta Frimpomaa ta leƙo tana haki. "Wofa, don Allah share layukan nan duka!"

Maɓalli ɗaya ya isa. Amma ya ce, "Yanzun nan, likita," ya shiga yanke su ɗaya bayan ɗaya, na masu kallon ƙwallo, na masu jin waƙa, har hoton ya wuce. Ya bar wani siririn layi da ya taso daga ɗakin tsofaffi ya nufi Italiya, a buɗe tun safe, da ƙyar yake motsi.

Na tambaye shi dalili. Ya ce, "'Yata, wanda ya riƙe waya haka ba ya magana, saurare yake yi."

Yarinyar ta rayu. Tsohon da ke gadon ƙarshe a ɗakin tsofaffi, Opanyin Ntim, ya cika da azahar, waya a kan matashinsa. Da 'yarsa ta zo jana'iza daga Italiya ta rungume mu tana kuka, ta ce ta waya ta ji numfashin mahaifinta har na ƙarshe.

Wofa, kai ne mai gadin da ke duba kowa kafin ya rufe ƙofa. Ga shi za ka koma gonarka ta koko, wallahi za mu yi kewarka. Masu gadar kujerarka, ku riƙa dubawa kafin ku yanke.

'Yar Opanyin Ntim mu ta yi wa godiya, don ba ta san da kai ba. Mun riƙe maka godiyar nan shekaru. Karɓi abarka, Wofa.